Kalmar "fat" a Turanci: siffantawa ce ko zagi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana Turancin cikinmu. Ina koyar da 'yan aji huɗu na firamare, kuma a darasin kishiyoyin kalmomi abin da ke cikin littafinmu shi ne "tall" da "short", "big" da "small", "fat" da "thin". Haka aka koya mana, haka nake koyarwa. Makon jiya na ba su aikin gida kowa ya siffanta mahaifiyarsa, sai yara da dama suka rubuto "My mother is fat and beautiful". Na ba su makinsu. Wata abokiyar aikina da ta taɓa zama a Ingila ta ga littattafan, ta ce a can wannan jumla cin fuska ce, in daina barin yara suna rubuta ta. Da gaske ne? In haka ne, wace kalma zan ba su a madadinta?

Abban Khalil: Wa'alaikumus salam. Malama, makinki na kan hanya. Nahawu daidai, ma'ana daidai. Yaro ya dubi uwarsa ya ga tana da jiki, ya ga ta yi masa kyau, ya faɗa. Don Bature na jin haushin kalma ba shi zai sa mu ma mu ari haushin ba. A Zariya yaran nan suke, ba a Landan ba.

Malam Nasiru: Malama Rabi, ke da abokiyar aikinki kowa ta kama gefe guda na gaskiyar. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin Turancin dauri na fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma ta fito ne daga wani aikatau mai nufin a ɗura wa abu abinci har ya cika. Wato tun asali ta fi kusa da abin da muke kira turkakke ko ƙosasshe. Shi ya sa har gobe ba wanda zai ga laifinki in kika ce "a fat ram" ga ragon layya, ko "a fat hen" ga kazar da ta yi kitse. A kan dabba yabo ne tsagwaronsa.

Tana kuma aiki biyu. A matsayin siffa ita ce mai ƙiba, ana cewa "fat, fatter, fattest", da ninka harafin ƙarshe. A matsayin suna ita ce kitse ko maiƙo, irin wanda mahauci ke yanke miki gefe. Daga nan aka samu "fatten", kiwata dabba, da "fatty meat", nama mai kitse. Amma ki gargaɗi yaranki da wannan ta ƙarshe: in aka kira mutum "fatty" zagi ne kai tsaye, irin na yaran makaranta.

In ta bar jiki ta koma kan kaya, ma'anarta yawa ce ko kauri. "A fat salary" albashi ne mai tsoka, "a fat book" littafi ne mai kauri. "Fat cat" attajiri ne da ake zargi da handama. Wadda ke rikita ɗalibaina kullum ita ce "fat chance". Suna ɗauka babbar dama ce, alhali nufinta da ƙyar abin ya yiwu, kusan daidai da "slim chance".

Matsalar tana kan mutum baligi ne. A Ingila da Amurka na yau, ka dubi mutum ka ce masa "you are fat" daidai yake da ka ce masa ya lalace kuma ba ya iya kame bakinsa. Kamus zai ba ki ma'anar, amma nauyin da kalmar ta ɗauko a bakin masu ita ba ya cikin littafin aji huɗu.

Nas Maryam: Malam Nasiru ya faɗi gaskiya. Ni a asibiti nake aiki a nan Ingila, kuma ba za ki taɓa ganin ma'aikaci ya rubuta "fat" a fayil ɗin majinyaci ba. Abin da ake rubutawa shi ne "overweight" ko "obese", kuma su ba da ido ake yanke su ba, lissafi ne. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita sau kansa. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 zuwa ƙasa da 30 "overweight", daga 30 zuwa sama "obese". Misali mai tsawon mita 1.70 da kilo 80 zai samu 27.7, in ya kai kilo 90 ya haura 31. Mu baƙar fata da 'yan Asiya ma an sauko mana da ma'aunin a nan, ana fara lura daga 23, ana ɗaukar 27.5 a matsayin ƙiba mai hatsari, saboda ciwon suga ya fi saurin kama mu.

Ko "obese" ɗin ma yanzu ana koya mana kada mu liƙa wa mutum ita. Ana so a ce mutum yana fama da ƙiba, ba a ce shi ne ƙibar ba. Ku zo ku ga yadda ake auna mutane a nan. Sai ka nemi izini tukuna, sannan wata za ta cire takalmi, ta cire rigar sanyi, ta ajiye makullai da waya, ta hau sikeli ta juya fuskarta bango don kada ta ga lambar. Wata ma za ta ce ki rubuta kawai, kada ki faɗa mata. Wanda ya ga haka sau ɗaya zai gane cewa kalmar ba wasa ba ce a wurinsu.

Abin da ke jefa 'yan uwanmu sababbin zuwa cikin rigima shi ne gaisuwar nan tamu ta "you have added weight". A gida fatan alheri ne. A nan kina iya ɓata da abokiyar aiki saboda ita, har a kai ƙararki wurin shugabar sashe.

Abban Khalil: Anti Maryam, da girmamawa, wannan ai ɓoye gaskiya ne. A ce "overweight", a ce "plus-size", a ce "curvy", duk kilo ɗaya bai ragu ba. Mu a Hausa muna ce wa mutum ya yi ƙiba ya yi murna, don ya san nufinmu hankalinsa ya kwanta, ya samu ci da sha. Amarya in ta yi wata uku ba ta murje ba, dangin miji ake tuhuma. Wannan ɗabi'a tamu ta fi tasu lafiya, don ba ta sa mutum ya tsani jikinsa.

Zainab A.: Yaya Abban Khalil, ka faɗi haka ne don ba a kanka abin yake ba. Ni tun ina firamare ba a kirana da sunana, sai lukuta, sai buhu, sai 'yar teɓa. Duk da Hausa ne, ba Bature ko ɗaya a wurin. Har yau in na tsayar da adaidaita sai wani direban ya ce kuɗin mutum biyu zan biya, fasinjoji na dariya. Tela ya ɗora mini tef a ƙugu ya ce yadi shida ba zai ishe ni ba, da ƙarfi, a gaban mutane. Ƙibar da ake yabo a wurinmu tana da iyaka. Ki yi kumatu, ki yi ɓulɓul, a ce kin yi kyau. Ki wuce nan kaɗan, bakin da ya yabe ki shi zai fara cewa ki rage ci. Mu ma muna da kalmomin lallashi ai. Me ya sa muke cewa mai jiki, ko ta yi jiki, ba mu cewa mai teɓa? Don mun san teɓa da tumbi suna da zafi. Abin da Turawa suka yi da "fat" ke nan, ba wani sabon abu ba.

Maman Ilham: Wallahi Zainab kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. 'Yata mai shekara 12 ta daina cin abincin dare saboda irin waɗannan sunaye, kuma a gidan biki 'yan uwa suka sa mata su, da sunan wasa.

Malam Habibu: Allah Ya ba ku haƙuri, ƙannena. Ga abin da nake gani ta fuskar addini. A Suratul Hujurati, aya ta 11, an hana mu jifan juna da miyagun laƙubba. Kuma da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da giba, ya bayyana cewa ita ce ka ambaci ɗan uwanka da abin da yake ƙi, ko da abin yana tare da shi. Hadisin yana cikin Muslim. To hujjar cewa ai gaskiya na faɗa, ai da gaske tana da ƙiba, ba ta wanke mutum. Ma'aunin shi ne ko mai jikin yana ƙin a faɗa.

Malamai sun yi rangwame a wurin da siffar ta zama hanyar gane mutum ba tare da nufin wulaƙanci ba, kamar yadda maruwaita hadisi suka shahara da Al-A'amash da Al-A'araj, na farko saboda raunin ido, na biyu saboda gurguntaka. Don haka in ɗan sanda na cigiyar mutum, ko likita na bayani, wannan daban.

Kuma abin da Malam Nasiru ya faɗa game da dabba haka yake a Larabci. A mafarkin sarkin Masar cikin Suratu Yusuf shanu bakwai ne masu ƙiba, ramammu bakwai na cinye su, kuma masu ƙibar su ne shekarun wadata.

Abban Khalil: Malam, na karɓi wannan. Zainab ki yi haƙuri, ban raina abin da ya same ki ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: yaron da ya rubuta jumlar nan bai zagi uwarsa ba, kuma uwar ba za ta ji an zage ta ba.

Usmanu Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci irin wannan rikicin muke da shi da kalmar "gros" da "grosse". A kan kaya ba komai, a kan mace a Faransa faɗa ne. Har sun ƙirƙiro kalmar "grossophobie" don ƙyamar masu ƙiba. Amma a nan ƙasar ƙiba ado ce tun da daɗewa. Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda mata ke ɗura abinci don su cika. A Muritaniya ana ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi da gero kafin aure, suna kiran abin leblouh, kuma can ma masu fafutuka na yaƙi da shi saboda cutar da yake jawowa. Ku ma a Najeriya ai Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya.

Alhaji Ɗanladi Kumasi: A nan Gana "obolo" ake ce wa mai ƙiba, kamar yadda 'yan Legas ke cewa "orobo", siririya kuma "lepa". A kasuwa za ka ji ana kiran mace da shi tana amsawa da dariya. Amma jikokina da ke jami'a ba sa son a kira su da shi ko kaɗan. Zamani na juyawa a nan ma.

Malam Nasiru: Bari in koma kan tambayar Malama ta biyu, wato me za ta ba yara a madadi. Turanci na da kalmomi da yawa a nan, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama.

"Chubby" ta jarirai ce da ƙananan yara, irin yaron da ya yi kumatu da damatsa har wuyan hannunsa ya yi layi. Yabo ce a kan jariri, amma kada a ce wa babbar mace. "Plump" ita ce ta fi kusa da ɓulɓul ɗinmu, cikar jiki mai kyan gani, kuma ita zan ba yaranki, ko da yake wasu matan can ita ma ba sa so a faɗa musu a fuska. "Stout" ta dattawa ce masu kauri, ta ɗan tsufa a baki, kuma ku sani ita ce kuma sunan baƙar giya, don haka a lura da inda za a sa ta. "Portly" kusan ta maza ce kaɗai, dattijo mai tumbi da kwarjini. "Stocky" ba ƙiba ba ce sam, gajere ne kakkaura mai ƙarfi, irin jikin ɗan kokawa. "Big", "large" da "heavy" su ne na kaucewa, daidai da mai jiki da Zainab ta ambata. "Obese" kuwa daga Latin take, daga kalmar ci, kuma ta asibiti ce. In ka faɗe ta a hira ta fi "fat" ciwo.

Ɗaya ɓangaren ma haka yake. "Slim" da "slender" yabo ne, "thin" tsaka-tsaki, "skinny" ta karkata ga tsiya. Ga kuma wani wurin da Turancinmu ya rabu da nasu: ɗan Najeriya in ya ce maka "you look lean" tausaya maka yake, yana nufin ka rame, ko ciwo ko talauci. Bature in ya faɗa yabonka yake, yana nufin ba kitse a jikinka sai tsoka.

Dakta Sadiya: Ina bin zancen daga Amurka. Akwai abin da ba a ambata ba, wanda zai iya daɗa wa Abban Khalil. A nan akwai masu ƙiba da suka ce su a kira su "fat" kai tsaye, ba sa son "plus-size" ko "curvy", don a ganinsu kewaye-kewayen ne ke nuna cewa abin kunya ne. Suna so kalmar ta koma kamar dogo da gajere. Wannan fafutuka ba ta yau ba ce, ƙungiyarsu ta NAAFA tun 1969 aka kafa ta. Jihar Michigan ta haramta nuna bambanci a wurin aiki saboda nauyin jiki tun 1976, birnin New York ma ya yi irin dokar a 2023. Sai dai ƙa'idar da kowa ke bi ita ce mutum na iya kiran kansa da ita, kai kuma ba ka fara kiransa ba sai ya nuna maka yana so.

Kuma kada mu ɗauka wannan damuwar Turawa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai hatsari, daga cikinsu manya miliyan 890. Hawan jini da ciwon suga da muke gani a gidajenmu suna da alaƙa da wannan. Abin da na lura da shi a aiki shi ne zagi ba ya sa mutum ya rage. Yana sa shi ya daina zuwa asibiti ne.

Bashir mai kemis: Ni abin da ke damuna shi ne ɗaya gefen, gefen yabon. Ku zo shagona wata guda kafin lokacin bukukuwa ku ga 'yan mata na tambayar sha ka fashe. Wata ba ta ma san sunan maganin ba, kwalin da ƙawarta ta ba ta za ta ciro daga jaka ta miƙo. Galibi dexamethasone ne, ko cyproheptadine mai buɗe ciki, ko a haɗa su. Na farkon maganin kumburi ne da asma da makamantansu, ba na ƙiba ba. Abin da yake yi shi ne ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, ƙafafu kuma su sirance. Fuska ta yi zagaye, a ce amarya ta yi kyau, alhali suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na laushi, fata na tsagewa. Kumburi ne ake kira ƙiba. Ni ba na sayarwa sai da takardar likita, amma ta fita ta samu a tebur a bakin kasuwa. Duk don kada a ce mata ta rame a gidan miji.

Zainab A.: Ka gani ko, Yaya? Ni ana ce mini in rage, ita ana ce mata ta ƙara. Dukkanmu bakin mutane ne ke kora mu.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga abin da na tsayar. Ba zan soke makin kowa ba, don ba su yi kuskure ba. "Fat" da "thin" za su ci gaba da zama a allo, tunda suna cikin manhaja kuma za su gamu da su a jarrabawa. Amma misalaina za su koma kan rago da kyanwa da littafi, in ƙara musu "plump" da "chubby", in kuma gaya musu a fili cewa ba a duban mutum a ce masa "fat", kamar yadda ba za su ce wa baƙuwar mamansu mai teɓa ba. Malam Nasiru, "plumpy" fa? Ina jin yara na faɗa.

Malam Nasiru: Wannan Turancin gida ne, Malama. A jarrabawa "plump" za su rubuta, ba ƙari a ƙarshe. Haka kuma "more fat" a kan mutum ko dabba, "fatter" ake so. "More fat" sai in kitse ake nufi, kamar a ce wannan tsoka ta fi waccan kitse.

Hajiya Binta: Bashir, ɗana, tsaya. Wannan magani da ka ambata 'yar ƙanwata na sha, ta kai wata biyu, bikinta bayan Sallah. Fuskarta ta yi fam kamar yadda ka ce. Yau zan je in ƙwace in zubar.

Nas Maryam: Hajiya, don Allah kada ki sa ta daina rana ɗaya. Wanda ya ɗauki makonni yana shan dexamethasone jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in aka yanke farat ɗaya jini na iya faɗuwa, ta yi ta amai, ta galabaita, har abin ya kai ga rai. Ki ɗauki kwalin yadda yake, ki tafi da ita wurin likita gobe, ta faɗi guda nawa take sha a rana da ranar da ta fara. Shi zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa a hankali, ya kuma auna mata suga da jini.

Hajiya Binta: To, Allah Ya yi miki albarka. Da safe za mu je, in sha Allahu.